Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi Kan Tsare Garinmu Daga Ambaliya, Iska da Fari

An shirya wannan darasi domin a karanta shi a majami'u bayan Mass, da kuma a tarurrukan Zumuntar Mata, Zumuntar Maza da ƙungiyar matasa. Kafin a fara, bari katekis ko wanda ke jagorantar taron ya karanta wa jama'a Farawa 41:25-57 da Matiyu 7:24-27, a hankali, yadda tsofaffi da yara za su fahimta.

GABATARWA

Kusan kowace shekara, idan damina ta yi tsakiya, akan nemi masu bi su tara gudummawa domin waɗanda ruwa ya cinye wa gidaje da gonaki. Mukan kawo masara, tabarmi, tufafi da ɗan kuɗin da ya samu. Wannan aikin jinƙai ne, Allah kuwa ba ya manta da shi. Amma akwai tambayar da ya kamata ta hana mu barci: me ya sa unguwar da muka kai wa gudummawa bara, ita ce muke sake kai wa bana?

Bala'in da ke faɗa wa gari cikin dare ɗaya, sau da yawa shekaru aka yi ana share masa hanya. Haka kuma tsaron gari, shekaru ake yi ana gina shi, mafi yawan aikin kuwa da rani ake yinsa, lokacin da babu ko alamar hadari a sama. Saukar da ruwa ba ya cikin ikonmu. Amma inda muka kafa gida, da abin da muke zubawa a lambatu, da itacen da muka sare ko muka bari, waɗannan suna hannunmu, kuma za a tambaye mu a kansu. Shi ya sa Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

1. ABIN DA YA FARU A MOKWA

Mokwa gari ne na kasuwa a Jihar Neja, a kan babbar hanyar da ke haɗa Arewa da Kudu, kafin a kai Jebba. A daren 28 ga Mayu, 2025, wayewar garin 29, aka yi ruwa mai yawa. Kafin gari ya waye sosai ruwa ya auka wa unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, alhali mutane da yawa ba su tashi daga barci ba. Cikin 'yan kwanaki hukumomi suka tabbatar da mutuwar fiye da mutum 150, aka nemi wasu da dama aka rasa, fiye da mutum 3,000 kuma suka rasa matsuguni.

Bayanin da mazauna garin suka yi shi ne darasinmu. A gefen garin akwai tudun ƙasa da aka yi domin layin dogo, a ƙarƙashinsa kuma akwai kwalbati inda ruwa ya saba bi ya wuce. Tarkace ya toshe kwalbatin. Ruwa ya yi ta taruwa a bayan tudun har ya zama kamar tafki. Da ruwan daren nan ya ƙaru a kai, sai ƙasar ta kasa ɗauka, ta ɓalle, dukan ruwan ya gangaro wa gidaje a lokaci ɗaya.

Irin wannan ya faru a wasu wuraren. A watan Yuli na 2018, ruwan dare ya sa kogi ya yi ambaliya a Jibiya ta Jihar Katsina, fiye da mutum 40 suka rasu. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, shekara 30 bayan irin wannan ambaliya ta 1994. A ƙasa baki ɗaya, ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Ta 2022 kuwa ta kashe fiye da mutum 600. Muna roƙon Allah ya ba dukan waɗanda suka rasu hutawa ta har abada. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

2. ABIN DA MAGANAR ALLAH KE KOYA MANA

Akwai kuskure iri biyu da masu bi kan yi game da bala'i. Na farko shi ne a ce duk wanda masifa ta same shi, hukuncin zunubinsa ne. Ubangijinmu da kansa ya ƙi wannan tunani. A cikin Luka 13:1-5 ya yi maganar mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya kuma bayyana cewa ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba. Saboda haka kada bakin Kirista ya furta cewa mutanen wani gari sun mutu domin sun fi mu zunubi. Sau da yawa talauci ne ya kai su zama a kwari, domin a can fili ya fi araha.

Kuskure na biyu shi ne a naɗe hannu a ce Allah ne mai tsaro, don haka yin shiri rashin bangaskiya ne. Mu tuna da jarabar Yesu a jeji, cikin Matiyu 4:5-7. Iblis ya so ya sa shi ya diro daga ƙololuwar Haikali, wai mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi, ya nuna cewa yin haka gwada Allah ne. Mutumin da ya ga alamar inda ruwa ya kai a jikin bango, aka kuma gargaɗe shi, yana da halin ƙaura amma ya ƙi, ya kwantar da 'ya'yansa a wurin yana cewa Allah zai kiyaye, ya yi kusa da wannan jaraba ƙwarai.

Mu duba yadda Allah ya saba ceton mutanensa. Nuhu ya sami gargaɗi, ya sassaƙa jirgi tun ƙasa tana busasshiya. Allah ya nuna wa Fir'auna shekara 7 na ƙoshi da shekara 7 na yunwa, amma bai cika rumbunan Masar ta hanyar mu'ujiza ba. Yusufu ne ya ba da shawara a naɗa masu lura, a riƙa ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a kowane birni. Ta wurin wannan tsari na ɗan adam Allah ya ceci Masar da gidan Yakubu. A cikin misalin magina biyu kuma, ruwa ɗaya da iska ɗaya ne suka bugi gidajen nan biyu. Abin da ya bambanta su shi ne tushen da kowane magini ya zaɓa tun kafin damina. Ko da yake misalin yana magana ne a kan jin maganar Yesu da aikata ta, ya ɗauko shi daga abin da kowane magini ya sani.

Har a cikin Shari'ar Musa akwai dokar gini. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci mai sabon gida ya yi wa rufin sorensa katanga kewaye, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ashe tsare rai tun kafin hatsari ya auku yana cikin kiyaye doka ta biyar, wadda ta hana kisankai. Katekisim na Ikilisiyar Katolika ya lissafa hangen nesa cikin manyan halaye huɗu na kirki, tare da adalci, ƙarfin hali da kamewa. Paparoma Francis, wanda ya rasu a 2025, ya tuna mana a cikin wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015 cewa duniya gida ɗaya ce da muke tarayya a cikinta, kuma idan aka ɓata ta matalauta ne ke fara shan wahala.

3. MU SAN HALIN RUWA

Wanda zai yi kokawa da abu sai ya san nauyinsa. Idan aka ce an yi ruwa na milimita 1, ana nufin lita 1 ta sauka a kan kowace murabba'in mita. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, idan aka yi ruwan milimita 50 cikin dare ɗaya, zai zubar da lita 5,000, wato ganga 25 irin mai cin lita 200. Gidaje 200 masu irin wannan rufi za su tura lita miliyan 1 cikin lungunan unguwa. A da, lokacin da yawancin fili ciyawa ne da itatuwa, ƙasa takan shanye kaso mai yawa. Yanzu da kwano da siminti suka yawaita, ruwan yakan gudu gaba ɗaya, ya isa kwari da sauri.

Lita 1,000 na ruwa nauyinsu kilo 1,000 ne, daidai da buhun siminti 20. Ruwa mai gudu wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 60 kuwa yana iya tafiya da mota. Bangon ƙasa idan gindinsa ya jiƙa na 'yan sa'o'i yakan yi laushi ya zube, shi ya sa gidaje da yawa ke rushewa a kan masu barci ko da ruwan bai kai gwiwa ba.

Ambaliya iri biyu ce. Akwai wadda ke zuwa a hankali, idan babban kogi kamar Binuwai ko Kwara ya cika, musamman a watan Agusta zuwa Oktoba, ko kuma idan aka saki ruwa daga madatsa irin ta Lagdo da ke Kamaru, kamar yadda aka yi a 2012 da 2022. Wannan takan ba da kwanaki na shiri. Akwai kuma ta farat ɗaya, irin ta Mokwa da Jibiya, wadda ke zuwa cikin sa'o'i kaɗan, sau da yawa da dare. Dole kowane gari ya san wadda ta fi yi masa barazana. Abu ɗaya kuma tabbatacce ne a kan duka biyun: ruwa yakan koma tsohuwar hanyarsa, ko da an yi shekara 30 bai bi ta ba.

4. AYYUKA BAKWAI DA ƘARAMIN GARI ZAI IYA YI

Na ɗaya, a zana taswirar hatsari. Da tsohuwar zuma ake magani. A tara dattawa maza da mata, a tambaye su inda ruwa ya taɓa kaiwa, da shekarar, da hanyar da ya bi. Matasa su zana a kan babbar takarda: rafuka, kududdufai, kwalbati, gadoji, kwazazzabai, tudun hanya ko na dogo da ka iya tare ruwa, da wuraren da ruwa bai taɓa hawa ba. A shafa fenti a jikin bango ko itace daidai inda ruwa ya tsaya a ambaliyar da ta fi girma. A rataye taswirar a majami'a, a kai wa mai unguwa da dagaci nasu.

Na biyu, a buɗe wa ruwa hanya. Kafin ruwan farko, kowace unguwa ta yi aikin gayya ta yashe lambatu da kwalbati, a kwashe abin da aka fitar a kai nesa, domin idan aka bar shi a bakin lambatu ruwan farko zai mayar da shi ciki. Leda da robar ruwan sha su ne manyan masu toshe magudana a zamaninmu. A ware wa kowace kwalbati mutum biyu masu duba ta bayan kowane babban ruwa. Idan suka ga ruwa yana taruwa a bayan tudu, ba ya wucewa, su kai rahoto a ranar. Kududdufin da kakanninmu suka haƙa don ginin ƙasa yana riƙe ruwa mai yawa. Cike shi da shara domin a sayar da filin yana tura ruwan cikin ɗakunan maƙwabta. Littafin Nehemiya ya nuna yadda mutane da yawa suka gyara garun Urushalima, kowa daura da gidansa, aka gama cikin kwana 52.

Na uku, a kula da inda ake gini da yadda ake yinsa. Kada a kafa gida, makaranta ko majami'a a kan hanyar ruwa ko a cikin fadama. Mai sayar da fili wanda ya san ruwa na cin wurin amma ya ɓoye wa mai saye, ya yi zamba, wannan kuwa magana ce ta kai wa gaban Fada a wurin furta zunubi. Wanda ba shi da halin ƙaura yanzu, ya ɗaga daɓen ɗaki sama da alamar ruwa, ya yi wa gindin bango dutse ko bulo da siminti, ya bar bakin kwano ya fito sosai don ya kare bango. Game da iskar farkon damina da ke kwashe rufi, a ɗaure katakon rufi da jikin gini da ƙarfe ko waya mai kauri, kada a dogara ga duwatsun da ake ɗorawa a kan kwano. Kwamitin gini na kowace majami'a ya fara nuna misali.

Na huɗu, a mayar wa ƙasa rigarta. Tudun da aka sare itatuwansa domin gawayi da itacen girki ba ya riƙe ruwa, sai ya sako shi tare da yashi, ya cike rafi, ya buɗe kwazazzabo. Haƙar yashi a bakin kogi kusa da gidaje da gada ita ma tana cin gaɓa. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun nuna abin da za a iya yi. Bayan farin shekarun 1970, wani ɗan mishan daga Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a yankin Maradi, ya lura a 1983 cewa kututturan da ake sarewa a gonaki kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin tsiro kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture, suna sassabe sauran, suna kare su daga wuta da dabbobi. Ana kiran wannan hanya sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a kan hekta kusan miliyan 5. Ba ta bukatar kuɗi, sai wuƙa da haƙuri. Gawo ya fi dacewa da gona, domin yana zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana, yana kuma ƙara wa ƙasa taki. A bakin rafi da kan kwazazzabo a dasa jema, domin saiwarta tana nutsewa ƙasa sosai ta riƙe gaɓa. A gonakin gangare a jera duwatsu a gicciye domin su rage gudun ruwa. Wannan aiki ɗaya yana maganin ambaliya, yana kuma maganin fari, domin ruwan da ƙasa ta shanye shi ne ke tsayawa a rijiya da rani.

Na biyar, a kafa rumbun Yusufu. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda yunwa ke sa mutum ya sayar da shanunsa da gonarsa a kan kuɗi kaɗan. Kowace majami'a tana iya ware wani kaso na hatsin bikin godiya na kaka, ko kowane gida ya ba da mudu ɗaya daga kowane buhu, a ajiye a kan tudu, a ɗora buhunan a kan katako nesa da bango. Makulli ya zama a hannun mutum uku, mace a cikinsu, a riƙa karanta lissafi a gaban jama'a. Idan shekara ta yi kyau a sayar da tsohon hatsi a sayi sabo. Haka masu bi na Antakiya suka yi a Ayyukan Manzanni 11:27-30: da suka ji yunwa na zuwa, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa. Manomi kuma kada ya zuba dukan irinsa a fadama. Ya raba tsakanin kwari da tudu, ya nemi iri mai saurin nuna daga malaman gona.

Na shida, a tsare ruwan sha. Bayan ambaliya, kwalara da zazzaɓin cizon sauro sukan biyo baya. A gina wa kowace rijiya baki mai tsawo da murfi, a yi mata daɓen siminti kewaye. Masai ya kasance aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma a gangare da ita. Rijiyar da ruwan ambaliya ya shiga, kada a sha ruwanta sai an yashe ta an sa magani. Kafin nan a tafasa ruwan sha.

Na bakwai, a tsara gargaɗi da mafaka. A amince da alama ɗaya da kowa ya sani, misali bugun ƙararrawar majami'a ba tsayawa, tare da shela ta lasifikar masallaci. A ƙulla zumunci da ƙauyukan da ke sama da mu a kan kogi, su buga waya idan ruwa ya taso a wajensu. A yi zane da fenti a jikin ƙafar gada, a yarda tun yanzu cewa idan ruwa ya kai zane kaza kowa zai tashi, ba sai an yi gardama cikin dare ba. A zaɓi mafaka a kan tudu da hanyar zuwa wurin wadda ba ta ratsa rafi. A rubuta sunayen tsofaffi, makafi, guragu, marasa lafiya da mata masu ciki, kowannensu a sa masa matashi biyu da za su ɗauke shi. Katin baftisma, takardun makaranta da na fili a ƙulle su cikin leda a rataye sama. Sau ɗaya a shekara a gwada wannan tsari da rana, domin yara su san hanya.

5. MAƘWABTA DA HUKUMA

Ruwa ba ya tambayar addinin mai gida kafin ya shiga. Lambatun da ya bi ta ƙofar majami'a shi ne ke wucewa ta bayan masallaci, idan kuwa rabinsa kaɗai aka yashe, an yi aikin banza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka majalisar majami'a ta je wurin mai unguwa, dagaci ko hakimi cikin ladabi, ta roƙa a kira limamai, fastocin sauran ikilisiyoyi, shugabannin kasuwa, makiyaya da masunta, a kafa kwamiti ɗaya na gari. Gumin da aka zubar tare a aikin gayya yana ƙarfafa zaman lafiya fiye da jawabai masu yawa.

Akwai kuma ayyukan da suka fi ƙarfin gayya: gyaran madatsar ruwa, faɗaɗa kwalbati, gina gada, da ba mutanen kwari sabon fili a tudu. Waɗannan hakki ne a kan gwamnati. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, an kafa ta a 1999, jihohi kuma suna da nasu hukumomin. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar kula da ruwaye, NIHSA, kuma tana bayyana yankunan da ke cikin hatsarin ambaliya kafin ruwa ya sauka. Bari malamin makaranta ko wani mai waya ya nemo abin da aka faɗa game da ƙaramar hukumarmu, a sanar da shi a majami'a cikin harshen da kowa ke ji. Idan akwai kwalbati da ta tsage ko gada da ruwa ke ci, kwamitin gari ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa takarda mai kwanan wata da hoto, ya ajiye kwafe, ya kuma sake tuni. Hukumar Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya ta dayosis za ta iya taimakawa wajen rubutu da bin sawu. Idan masu neman ƙuri'a suka zo, a nuna musu takardar a tambaye su inda aka kwana.

6. A SA AIKIN CIKIN SHEKARAR IKILISIYA

Abin da ba a sa wa rana ba, ba a yinsa. Shekarar Ikilisiya kuwa ta riga ta ba mu lokatai masu dacewa. Da kaka, lokacin bikin godiya, a cika rumbun Yusufu. Bayan Kirsimeti a zauna da dattawa a gyara taswira, a rubuta wa hukuma. Lokacin Azumi kullum yana faɗuwa da rani, gab da damina. Bari yashe magudana da gyaran rufin gwauraye da tsofaffi su shiga cikin sadakarmu ta Azumi. Bayan Ista, ranar da ake sa wa iri da kayan noma albarka, a karanta hasashen damina, a gwada ƙararrawar gargaɗi. A watan Yuni da Yuli, da ƙasa ta jiƙa, a dasa itatuwa da jema, kowane ɗan ajin tabbatarwa ya ɗauki itace ɗaya ya rene shi. Ranar 1 ga Satumba, wadda Paparoma Francis ya keɓe a 2015 domin addu'a saboda kula da halitta, tana zuwa daidai lokacin cikar koguna. A ranar a yi addu'a, a kuma duba sunayen marasa ƙarfi ko akwai wanda aka manta.

Wataƙila wani ya ce, idan muka yi dukan wannan wahala ruwa bai zo ba fa? Sai mu gode wa Allah. Ba mu yi hasara ba, gama za mu sami inuwa, da rijiya mai tsabta, da hatsi a rumbu. Wasiƙar Yakubu 2:14-17 ta koya mana cewa bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce. Ciyar da wanda ruwa ya kora aikin bangaskiya ne. Hana ruwan korarsa tun farko shi ma haka ne, ko da yake ba wanda zai zo ya yi mana godiya domin bala'in da bai faru ba. Ubanmu da ke gani a ɓoye ya sani.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. A wace shekara ruwa ya fi yin ɓarna a garinmu, ina ya bi, kuma me aka gina a kan wannan hanya tun daga lokacin?
2. Wace kwalbati, kududdufi ko kwazazzabo ne ya fi ba mu tsoro, wa zai riƙa duba shi?
3. Ta yaya za mu amsa wa ɗan'uwan da ya ce yin shiri rashin dogara ga Allah ne?
4. Su wane ne a cikinmu ba za su iya gudu da kansu ba idan ruwa ya zo da dare?
5. Wane aiki ɗaya ƙungiyarmu za ta gama kafin ruwan farko, kuma a wace rana?

ADDU'A

Ya Allah Uba, Mahaliccin sama da ƙasa, kai ne kake aiko da damina domin ta rayar da mu. Ka ji ƙan 'yan'uwanmu da ruwa ya tafi da su, ka ta'azantar da waɗanda suka bari. Ka ba mu kunnen jin gargaɗi irin na Nuhu, da hikimar tanadi irin ta Yusufu, da haɗin kai irin na maginan Nehemiya. Ka sa tsoronka a zukatan shugabanninmu, domin su riƙe amanar rayukan talakawa. Ka tsare garinmu da gonakinmu, da maƙwabtanmu duka. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Maryamu, Uwar Ikilisiya, ki yi addu'a dominmu.